Layi uku sun fito a jel: wanne ne ACE2, kuma wane antibodi zan saya?

Tambaya: "Ina digiri na biyu, aikina a kan ACE2 ne a ƙodar masu ciwon suga da hawan jini. Ina da naman ƙoda a kakin farafin, da ɗan wanda aka daskarar, da fitsarin marasa lafiya. Na sayi antibodin zomo, wato furotin garkuwar jiki da aka samo daga zomo don ya kama ACE2 ya nuna inda yake. Takardar kamfani ta ce nauyin furotin ɗin kilodalton 92 ne, amma da na yi westan bulot, wato na ware furotin a jel gwargwadon nauyinsu, na mayar da su kan takarda na zuba antibodin, sai na ga layi a wajen 120 da wajen 50 a naman ƙoda, a fitsari kuma wani mai kauri a wajen 65. Babu ko ɗaya a 92. Wanne ne nawa? In sayi wani antibodin? Idan haka ne, wanne?"

Ƙanwata, kada ki taɓa kuɗinki tukuna. Alamu sun nuna layin 120 shi ne naki, kuma rashin ganin komai a 92 bai kamata ya tayar miki da hankali ba. Sai dai "alamu sun nuna" ba ya shiga kundin digiri, don haka bari mu bi abin daki-daki har ki iya tsayawa gaban masu jarrabawa ki kare shi.

ACE2 enzayim ne da ke kafe a tantanin da ya lulluɓe sel. Ƙungiyoyi biyu ne suka gano shi a shekarar 2000, ɗaya a Amurka, ɗaya a Jami'ar Leeds ta Ingila. Amino asid 805 gare shi. Kusan dukkan jikinsa a waje da sel yake, can ne bakin da ke yanke amino asid guda daga anjiyotensin II ya mayar da shi anjiyotensin 1-7. Sai ya ratsa tantanin sau ɗaya tak, ya bar gajeriyar jela mai amino asid arba'in da 'yan kai a cikin sel. Lambar 92 da kika gani a takarda lissafin kwamfuta ce: an tara nauyin amino asid ɗin kawai. Sel kuwa ba ya fitar da shi tsirara. Akwai wurare bakwai a ɓangarensa na waje da ake rataya masa sarƙoƙin sukari, su ne ke ƙara masa nauyi, suna kuma rage masa gudu a cikin jel. Shi ya sa cikakken ACE2 na mutum yake tsayawa a wajen 120, wani lokaci ya ɗan haura ko ya ɗan sauka dangane da naman da aka ciro shi, kuma layin ba ya fitowa siriri tsaf, yakan ɗan yi faɗi. Ni da kin ce min layi ɗaya siriri kika samu daidai kan 92 a naman ƙoda, da na fi zarginsa.

Hanyar gwada wannan ba ta da tsada sosai. Ki raba samfurinki biyu, ki zuba wa rabi PNGase F, enzayim ɗin da ke aske waɗannan sarƙoƙin sukari, ki jera su kafaɗa da kafaɗa a jel ɗaya. Idan layin 120 ya sauko kusa da 90 a wanda aka aske, to furotin ne mai sukari, kuma girmansa ya dace da ACE2. Wannan bai rufe magana ba, domin furotin masu sukari a tantanin sel ba su ƙirguwa, amma mataki ne mai kyau.

Na 65 a fitsari, kafin ki yi masa wata fassara ki tuna su wa suka ba ki fitsarin. Masu ciwon suga ne da ƙodarsu ke yoyon furotin, kuma albumin na zama a wajen 66. Idan ya yi yawa a samfur yakan taru ya yi dunƙule a takardar bulot, antibodi da dama su manne masa ba don sun san shi ba. Ki rina takardar da Ponceau S kafin ki zuba antibodi. In kika ga jan dunƙule daidai inda layinki ke fitowa, kuma kaurinsa na tafiya da yawan furotin da ke fitsarin kowane majiyyaci, to kin kama ɓarawon. Wannan kuskure yana da haɗari na musamman a irin aikinki, saboda zai ba ki sakamakon da kike fata: layin zai fi kauri a waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, ki rubuta cewa ACE2 ya ƙaru, alhali albumin kika auna.

Na 50 shi ne mai ɗaukar hankali, kuma a nan ne zan tambaye ki abin da ba ki faɗa ba: wane yanki na ACE2 aka yi wa zomon allura da shi? Antibodi bai san ACE2 gaba ɗayansa ba. Ɗan gurbi yake kamawa, amino asid kaɗan, kamar wanda aka aika kasuwa neman mutum aka ce masa da hularsa zai gane shi. Duk mai irin hular zai iya riƙe wa riga, idan kuma mutumin ya cire hular zai wuce ta gabansa bai sani ba. Ki koma takardar kamfani ki nemi inda aka rubuta abin da aka yi allurar da shi. Idan daga jelar cikin sel ne, ko daga ƙasan ɓangaren waje, to layin 50 zai iya zama ACE2 na gaskiya amma guntu. A 2020 ƙungiyar Ludmila Prokunina-Olsson ta Cibiyar Binciken Kansa ta Amurka, a aikin da Olusegun Onabajo ya ja gaba, da wasu ƙungiyoyi a Ingila, suka bayyana wani gajeren nau'i da ake kira dACE2. Ba shi da amino asid 356 na farko, an maye su da wasu sababbi goma, tsawonsa ya zama 459, nauyinsa wajen 50. Ba ya yin aikin enzayim yadda cikakken ke yi, ƙahon ƙwayar korona ma ba ya kama shi, kuma shi ne intaferon, sinadarin da jiki ke fitarwa idan ƙwayar cuta ta shigo, ke tayarwa. Kafin a gano shi an yi ta cewa intaferon na ƙara ACE2, har ana fargabar garkuwar jiki na buɗe wa cutar ƙofa, ashe mafi yawan abin da ake gani wannan guntun ne. Idan kuwa gurbin da antibodinki ke kamawa yana cikin amino asid 356 na farko, layin 50 ba dACE2 ba ne ko kusa. Sai ki duba wani abu: babbar sarƙar antibodin jikin shi majiyyacin, wato IgG da ke cikin jinin da ya rage a naman, ita ma a 50 take zama, kuma antibodi na biyu, wanda ake zubawa ya kama na farko ya fito da layin, idan ba a tace shi da kyau ba yakan kama ta. Ki yi bulot ɗaya ba tare da antibodi na farko ba. In layin 50 na nan daram, ba ruwansa da ACE2.

Maganar gurbin kamu ta fi nauyi a fitsari. ACE2 da ke fitsari da jini yawanci yankakke ne: wani enzayim mai suna ADAM17 yana sare shi daga gindi, kusa da tantanin, ɓangaren waje ya tafi, jelar ta zauna a sel. Antibodin jela ba zai ga wannan yankakken ba komai yawansa. Zai ga cikakken da ya fito a cikin 'yan ƙunshin tantani da sel ke zubarwa ne kawai. Don haka idan fitsari na cikin aikinki, dole ki riƙe antibodin ɓangaren waje. 

Yanzu ga abin da ya fi komai a wurina. Ba a gane ingancin antibodi da ganin ya ba da layi. Ana gane shi ne da ganin layin ya ɓace a inda babu furotin ɗin. Kina buƙatar samfur biyu a gefen naki: wanda aka tabbata ACE2 na ciki, da wanda aka tabbata babu. Na farko mai sauƙi ne, ƙoda da ƙaramin hanji cike suke da shi, a sel ɗin da ake rainonsu a ɗakin bincike kuma Calu-3 da Caco-2 suna da shi. Na biyu ne ke wahala. Mafi inganci shi ne sel iri ɗaya da aka kashe wa ƙwayar gadon ACE2 da CRISPR, dabarar yanke ƙwayar gado, a jera shi da ɗan'uwansa da ba a taɓa ba. Akwai kamfanonin da ke sayar da narkakken furotin na irin wannan tagwaye, kuma in kuɗi ya ba ki zaɓi tsakanin sayensa da sayen antibodi na uku, shi za ki saya. In bai samu ba, ki nemi sel ɗin HEK293T da aka cusa wa ACE2 tare da wanda ba a cusa wa ba, ko A549 wanda ACE2 ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Wannan ya fi rauni, domin kowane antibodi kan yi kyau idan furotin ya yi ambaliya, bai nuna yadda zai yi a nama na gaske ba. Duk da haka ya fi babu nesa ba kusa ba. Masu aiki a kan korona a ƙasashe da dama suna da waɗannan sel a firiza, kuma narkakken furotin a ruwan SDS ya fi sel mai rai sauƙin aikowa. Ki sa malaminki ya rubuta wasiƙa.

Akwai gwaji biyu da ɗalibai ke kawowa a matsayin hujja waɗanda ba su kai ba. Cire antibodi na farko yana wanke antibodi na biyu ne kawai, bai ce komai game da na farkon ba. Toshe antibodi da guntun furotin da aka yi allura da shi kuma zai ɓatar da layin gaskiya da na ƙarya gaba ɗaya, tunda bakin antibodin aka cika.

Kada ki ɗauka tsanani ne nawa. A 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Mathias Uhlén na Suwidin ya fitar da hanyoyi biyar na tantance antibodi, kashe ƙwayar gado na kan gaba, sai gwada sakamako da wata hanyar da ba ta antibodi ba, sai amfani da antibodi biyu masu kama gurbi daban-daban. A 2017 wasu masu bincike a Suwidin suka gwada antibodi 13 na furotin ERβ, mai karɓar sinadarin estirojin, ɗaya kaɗai ya tsallake a rinin nama, bayan an shafe shekaru ana wallafa sakamako da sauran. A 2023 ƙungiyar YCharOS ta Jami'ar McGill a Kanada ta gwada antibodin kasuwa 614 a kan furotin 65 da sel ɗin da aka kashe wa ƙwayar gado. Fiye da rabi sun faɗi a aƙalla aiki ɗaya. Sun kuma ga waɗanda ake haɗawa daga sanannen jerin ƙwayar gado, wato rikombinan, sun fi monokulonal na gargajiya, mai fitowa daga zuriyar sel guda, da folikulonal, gaurayen da ake ɗiba daga jinin dabba, cin jarrabawar. Ita kanta ACE2 ta sha wannan. Tun bayan da aka gano a 2003 cewa ita ce ƙofar ƙwayar SARS, aka riƙa maimaita cewa ta cika huhu. Da ƙungiyar Cecilia Lindskog ta Uppsala ta sake dubawa a 2020 da antibodi biyu da aka tantance, tana gwada su da bayanan RNA, sai ta same ta da yawa a hanji, bututun ƙoda, matsarmama, maraina da tsokar zuciya, a huhu kuwa ƙalilan ce, a 'yan sel kaɗan. Hotunansu na nan kyauta a shafin Human Protein Atlas. Ki buɗe na ƙoda ki ajiye kusa da madubinki na duba ƙananan abubuwa.

Wannan ya kawo mu kan naman farafin, inda nake ganin za ki fi shan wahala. Antibodin da ya yi kyau a westan bulot bai zama dole ya yi a nan ba. A jel furotin a warware yake, a farafin kuwa fomalin ya ɗaure shi tamau, sai an dafa silaid a ruwan sitiret mai pH 6 ko Tris-EDTA mai pH 9 kafin gurbin ya buɗe. Ki gwada duka biyun a nama ɗaya. Ki kuma tambayi masu ɗakin binciken nama tsawon lokacin da samfurin ya yi a fomalin. Kwana ɗaya zuwa biyu ake so. Wanda ya yi sati uku a kwalba kafin a kai ga sarrafa shi zai iya fitowa fari fat, ki ce ACE2 ya ragu a wannan majiyyacin, alhali kwalba ce ta cinye shi.

Abin da za ki nema a madubi sananne ne: zobe mai kaifi a gefen ciki na bututun ƙoda na farko, a kan gashin buroshin da ke fuskantar fitsari. Bututun da ke gaba ya fi shi haske sosai, gulomerulus kuma kaɗan ne. Idan kika ga launin ya cika tsakiyar sel, ko ya shafe silaid ɗin bai ɗaya kamar an zuba shayi, ba ACE2 kike kallo ba.

Matsalar ita ce wannan bututu na farko shi ne matattarar duk wani abin yaudara. Yana da bayotin nasa na halitta mai yawa, dafa silaid kuma na ƙara fito da shi, don haka tsohuwar hanyar abidin da bayotin za ta ba ki launi a cikin sel ɗin ko ba ki zuba antibodi ba. Ki nemi hanyar folima wadda ba ta dogara da bayotin. Gashin buroshin yana da alkalin fosfatas nasa, in da shi za ki fito da launi sai kin sa lebamisol, na hanji kuma ba ya jin lebamisol ɗin, ki kula da wannan in hanji ne ma'auninki. Sai wani abu da littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika damuwa da shi ba amma mu dole mu damu: masu sikila da duk wanda jininsa ke yawan fashewa suna tara ƙarfe, wato hemosidarin, a cikin wannan bututun dai, kuma launinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan zinariya, ɗan'uwan launin DAB, sinadarin da ake fito da antibodi da shi a silaid. Baƙin da maleriya ke bari da wanda fomalin mai tsami ke haifarwa su ma suna rikita ido. Ki duba silaid ɗaya da ba a rina da komai ba sai hematosilin. In akwai ƙwayoyin ruwan ƙasa a ciki, ki yi rinin Perls, ƙarfe zai koma shuɗi, sannan ki koma amfani da jan launi a maimakon DAB.

Wata dama da kike da ita wadda masu aiki da sauran furotin ba su da ita: naki enzayim ne, yana aiki, ana iya auna aikin ba tare da antibodi ba. Ana zuba masa wani ɗan furotin mai suna Mca-APK(Dnp) wanda ke haske idan an yanke shi, a rijiya ɗaya da MLN-4760 mai toshe ACE2, a ɗaya kuma babu. Bambancin da ke tsakani shi ne aikin ACE2. Idan fitsarin da layinsa ya fi kauri shi ne ya fi aiki, kin samu shaida biyu da ba su haɗa hanya ba, kuma mai jarrabawa zai yi wuya ya ture su. Ki tuna da zinki yake aiki, EDTA kuma na ƙwace zinki, don haka ruwan narkar da nama da haɗin maganin kare furotin su zama marasa EDTA. Magungunan hawan jini lisinofiril da kaftofiril da majiyyatanki ke sha wani enzayim ɗan'uwansa mai suna ACE suke toshewa, ba sa toshe ACE2, duk da kamar da ke tsakanin enzayim ɗin biyu. Wannan kamar, wajen kashi 40 cikin 100 a ɓangaren da ke yanka, wani dalili ne na tambayar kamfani ko sun gwada antibodinsu a kan ACE, domin shi ma yana zaune a gashin buroshin nan.

To wanne za ki saya? Ba zan ba ki lambar kaya guda in ce ki rufe ido ba, domin ban ga namanki ba, folikulonal kuma yana canjawa daga zomo zuwa zomo ko da lambar ba ta canja ba. Ki fara gwada na hannunki da PNGase F, Ponceau da tagwayen samfurin nan, mai yiwuwa lafiyarsa lau. In za ki ƙara, ki ƙara guda ɗaya wanda ke kama ɗaya ɓangaren: in naki na jela ne ki sayi na waje, in na waje ne ki sayi na jela. Ya kasance rikombinan ko monokulonal mai sunan kulon, kamfanin ya nuna hoton takardar bulot gaba ɗayanta daga sama har ƙasa tare da samfurin da aka kashe wa ƙwayar gado, ya kuma nuna ƙodar mutum a farafin, ba ta ɓera ba. Hoton da aka yanko layi ɗaya aka manna ba ya gaya miki abin da ke sama da ƙasansa. Waɗanda ƙungiyar Uppsala ta yi aiki da su, MAB933 da HPA000288, wuri ne mai kyau na fara dubawa ga rinin nama, tunda akwai hotunan da za ki gwada naki da su. Ki tambaya ko akwai ƙaramar kwalbar gwaji, kamfanoni da yawa na sayarwa.

Idan akwai busasshen gari a zaɓi, ki ɗauke shi, ya fi jure doguwar hanya da zaman jira a filin jirgi. Ranar da ya iso ki narka shi, ki rarraba a ƙananan kwalabe daidai aikin rana guda, ki sa su a can ƙuryar firizar da ta fi samun wuta, cikin akwati tare da ƙunshin ƙanƙara, ba a ƙofa ba. Narkewa da sake daskarewa duk lokacin da aka ɗauke wuta sun fi zafin hanya lalata antibodi. Wanda ya zo da gilisarol kashi 50 ba ya daskarewa a -20, haka aka yi shi, kada ki ɗauka ya lalace. Ki rubuta sunan kulon, lambar kaya, lambar rukunin da aka sarrafa da lambar RRID, wato lambar shaidar antibodin a rajistar kayan bincike, a littafinki tun yau, za a tambaye ki su lokacin wallafa.

Ki turo min yankin da aka yi allurar da shi kamar yadda yake a takardar kamfani, da hoton bulot ɗin gaba ɗaya tare da ma'aunin nauyi da hoton Ponceau. Da su zan iya gaya miki ko layin 50 ya cancanci a bi sawunsa ko a bar shi.